Gudun Labbo a Farin Ƙyalle

Labbo baduku ne a kasuwar Illo, a shekarun da aka karɓi mulkin kai. Ƙafafunsa sun shanye tun yana goye, amma damatsansa, tabɗi! Wani maƙeri ya haɗa masa keke da katako da tsofaffin tayoyi, yana tura shi da hannu.

In kasuwa ta watse da la'asar, shi da sauran guragu, har da masu ƙetarowa daga Dahome, sukan taru a filin bayan rumfunan kifi. Ƙwallonsu na fata ne, Labbo ya ɗinka ya cusa masa audugar rimi. Ka ɗora shi a cinya, ka kutsa ka wuce tsakanin duwatsu biyu, abokan karawa kuwa su bangaje ka da keke. Wallahi wasan ba na masu tausayi ba ne.

Abu ɗaya ke ci masa rai. Uwarsa Asibi ba ta taɓa zuwa kallo ba. Ta ce ita ba ta yi shekara da shekaru tana goyon ɗa don ta je ta tsaya ana yi masa dariya ba.

Ana nan sai ga Maliki, wani ma'aikacin majigi da aka turo ɗaukar hoton tutoci da jawaban bikin mulkin kai. Ya ga wasan ya saki baki. Ɗan guntun fim ne ya rage masa, kyamara ɗaya, ba mataimaki, amma ya ce zai ɗauke su, ya dawo ya haska. Majigi kuwa ba mai ƙin zuwa, har tsofaffi. Labbo ya ce a ransa, to, Asibi za ta gani ko ba ta so.

Ranar ɗauka suka zo cikin rigunan salla. Su hoton da suka sani shi ne na mutumin nan mai rufe kai da baƙin ƙyalle, wanda in ka motsa sai ya ce ka ɓata masa aiki. Saboda haka kyamara na fara ƙara, duk suka ƙame, ƙirji a gaba, ido a zare. Maliki ya yi roƙo su yi wasansu, ya yi faɗa, suka ɗauka gwada su yake yi. Fim na ta tafiya a banza. Labbo na zaune da ƙwallo a cinya, ƙuda ya sauka a hancinsa bai kore shi ba.

Yero, babban abokin hamayyarsa daga ƙetare, shi ne ya kasa haƙuri. Ya miƙo hannu a hankali ya zare ƙwallon, ya arce. Ai kuwa Labbo ya manta da wata kyamara! Ya bi shi, ya bangaje shi, rigar salla ta shiga taya ta yage, ya fizge ƙwallonsa ya wuce duwatsun. Nan fim ya ƙare. Labbo ya koma gida da kunya, yana ganin shi ya ɓata wa kowa hoto.

Bayan kaka Maliki ya dawo, aka kafa farin ƙyalle da magariba. Ga guragu sun fito sun ƙame kamar turame, jama'a suka kwashe da dariya. Labbo ya hango uwarsa cikin mata ta miƙe tana gyara mayafi za ta tafi.

Sai hannun Yero ya miƙo a jikin ƙyalle. Labbo na ƙyalle ya zabura, fili ya kaure da ihu ana kiran sunansa. Asibi ta tsaya cak har hasken ya ɗauke, sannan ta dafa kafaɗar matar da ke gefenta.

"Ashe shina gudu," ta ce. "Ni ban taɓa ganin ɗana na gudu ba."

Kasuwa ta gaba, tun kafin a jera duwatsu ta riga ta shimfiɗa tabarmarta a bakin filin.