Malam Basiru Dabo, Mai Hana Sikirin Mutuwa

Da hantsi, bayan ya zagaya gonar gyaɗarsa a wani ƙauye kusa da Minjibir, Malam Basiru Dabo yakan wanke ƙafa ya zauna gaban tsofaffin kwamfutocin da ya jera a zaure. Maƙwabta sun ɗauka gyaran rediyo yake yi, shi kuwa bai taɓa musa musu ba.

Aikinsa kyauta yake yi. Akwai manhajar da ba a saye, wadda makarantunmu ke amfani da ita, cibiyarta ana kiranta kanel. Idan masana suka gyara direban hoto, wato ɓangaren da ke sa sikirin, fuskar kwamfuta, ya nuna abu, shi ke ɗauko gyaran daga sabon kanel, ya daidaita shi da tsohon da jama'a ke amfani da shi, wanda ake kira tsayayye. Ka'idar masu kula da tsayayyen tana da tsauri: gyara ya zama ƙarami, ya fara shiga sabon, kuma a gwada shi.

Bara, ana dab da jarabawar shiga jami'a, Malama Maimunat ta makarantar 'yan mata ta zo a kan acaɓa, rungume da kwamfuta a zani.

"Malam, da an juya daga sola zuwa janareto sai sikirin ya mutu. Yarana ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, a kwamfuta kuma za a yi jarabawar."

A ranar ya gyara mata nata. Da wani ne, nan zai tsaya.

"Sauran makarantun fa?" ya ce. "Kwamfutocinsu irin naki ne, kuma ba su san hanyar gidana ba."

Ya aika wa masu kula da tsayayyen gyaran, aka ce ya yi girma. Ransa ya ɓaci, ya tafi noma, ya dawo ya rarraba shi ƙanana kamar kashin tumatir. Sai aka ce wa zai gwada? Can wurinsu an daɗe da zubar da irin waɗannan injinan. Malama Maimunat da ɗalibanta suka wuni suna kunna janareto suna kashewa, sikirin bai ƙifta ba. Aka karɓa, da sunanta a matsayin mai gwaji.

Kai ne, Malam, ka tsaya wa kwamfutar talaka bayan masu ita na farko sun manta da ita. Mun gode, har cikin zuciya. Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa idonka lafiya, tunda ciwonsa ne ya sa ka ajiye aikin a bana.

Masu ilimin nan, ku leƙa zauren, akwai gurbi. Fadima, ɗaya daga cikin 'yan matan nan, ta ci jarabawarta, ta riga ku. Ranar da ta zo hutu ta ce, "Baba, wace zan fara kunnawa?"

Ya nuna mata mafi tsufa.