Malam Sabo Mai Fenti da Yarinyar da Ke Sama

Gwangwanayen fenti, burushi, gawayi, bokitin farar ƙasa, gorar ruwa, ƙullin magani. Abin da muka ɗaure wa babur ke nan. Ni ke tuƙi, Malam Sabo na baya, mun wuce Gwaram mun nufi Maruta.

Sana'arsa rubuta allunan shaguna a Birnin Kudu. Amma tun kafin in tafi karatu waje, kowace Asabar yakan rufe shago ya je bangon wata firamare a Maruta. Ya shafe zanen makon jiya da farar ƙasa, ya ja akwatuna huɗu, ya zana ci gaban labarin Nasiha, yarinyar da ta haɗa kumbo da tankin ruwa da injin niƙa ta tafi Jar Duniya tare da mutum-mutuminta na ƙarfe. Ba wanda ya sa shi. Na dawo na tarar bai fasa ba, sai dai hannunsa ya soma rawa, ɗansa Zulkifli ya ɓoye makullin babur ɗinsa.

Malam Iliyasu, shugaban makarantar, ya shaida mini cewa yaran da suka gagare shi a aji a jikin bangon nan suka koyi haɗa baƙi, don ba mai son a karanta masa abin da Nasiha ta ce. Wata uwa daga Fagam ta ce 'yarta ta kwance rediyon gidansu tana neman abin yin kumbo, yau tana koyon aikin lantarki.

Da muka isa yara suka kewaye shi.

"Baba Sabo, iskar Nasiha ta kusa ƙarewa, kai kana can kana shan shayi!" in ji wata yarinya.

"Ke kika biya mini shayin?" Ya ɗauki burushi.

Layin farko ya karkace. Na biyu ma haka. Malam Iliyasu ya matso ya rage murya.

"Malam, ka huta. Ka zana ta farka a kan tabarma, a ce mafarki ne. Akwati ɗaya ya isa."

"Mafarki? Yaran nan sun yi shekaru suna bin ta, in ce musu ba ta je ko'ina ba?"

Ya sa na ɗaure masa burushin a hannu da tsumma, ya tallafe shi da hagu. Har la'asar akwati biyu kawai ya gama. Nasiha ta gyara bututun iska. Kumbon bai tashi ba tukuna.

Kai ne, Malam Sabo, ka nuna wa 'ya'yan manoma 'yar ƙauye irinsu tana tuƙa kumbo, ba ka taɓa sa sunanka a ƙasan zanen ba. Mun gode, Allah Ya ƙara lafiya. Duk mai bango da hannu lafiyayye a Surko ko Fagam, ya sani yara na jira.

Zulkifli na tsaye a ƙofar gida da muka koma.

"Baba, likita ya ce ka daina. Ya isa haka."

Malam Sabo ya wuce shi ya shiga zaure, ya juyo gare ni.

"Asabar ka zo da wuri. Ba zan bar 'yar mutane a sama ba. In na sauko da ita, sai in ajiye burushi."

Ya rufe ƙofa.