Dashen da Baba Ya Kuɓutar

Ni dai ko albasa ban taɓa rayawa ba. Shukar fulawar da aka kawo mini ranar da muka tare a gidanmu na Laurel, kusa da Washington, ko wata ba ta yi ba ta bushe ƙayau. Amma wata Asabar muka je wani lambu a cikin Washington, na ga itatuwan da ake kira bonsai: tsofaffin itatuwa da kututturensu da rassansu, komai cif, amma a cikin kasko, tsayinsu bai wuce gwiwata ba. Na tsaya baki buɗe har sai da maigidana ya ja mayafina. Tun daga ranar abin ya shiga raina. Na sayi almakashi da waya da littattafai, na karanta cewa mai koyo ya fara da dashen mapul, wani itacen ƙasar nan mai ganye kamar tafin hannu. Itacen ne kawai ban saya ba.

A bazarar wannan shekarar ne, wajen 2009, Baba ya zo daga Zariya aka yi masa tiyatar gwiwa a asibitin da nake aikin haɗa magunguna a Largo. Aiki ya yi kyau. Sauran abu ɗaya: mai gashin ƙashi ta ce dole ya riƙa tafiya kullum, in ba haka ba gwiwar za ta sandare, kuma in ta sandare shi ke nan, da sanda zai ƙare rayuwarsa.

Baba ya ce bai san zancen ba.

"Uwata, in je ina?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. "Kasuwa ce ko gaisuwar mutuwa? Mutum da girmansa ya fita yana zagaya gidajen mutane ba aike ba saƙo? Ai sai a ce na taɓu."

Na yi lallashi, na yi faɗa, na kira yayyena suka yi nasu ta waya. A banza. Mutumin da ya shekara arba'in yana hawa da sauka a lambun mangwaro da gwaba ya koma ɗan zaman kujera, carbi a hannu, yana kallon taga. Tsoro ya kama ni ƙwarai. Ni na dage aka kawo shi, na kuma yi wa mahaifiyarmu alkawarin da ƙafarsa zai koma mata.

Ran nan takaici ya ishe ni, na ce bari in fita in sayo dashena ko na sami abin da zai ɗauke mini hankali. Ina saka takalmi ya ce, "Ina zuwa?" Na ce wurin sayar da dashen itatuwa. Sai na ga ya lalubo hularsa.

Wurin yana bayan gari, wata dattijuwar Baturiya ce da shi, hannuwanta duk ƙasa. Baba ya sauka daga mota yana dogara sanda, ya shaƙi ƙamshin taki, fuskarsa ta washe. Muka isa layin mapul. Ni littafi ya ce in nemi gajere mai kaurin gindi, wanda ya ɗan karkace, mai rassa tun daga ƙasa. Ina durƙushe ina tona bakin tukwane da yatsa ina duba saiwa, shi kuwa ya riga ya ware guda uku dogaye, miƙaƙƙu sambal.

"Ga na kirki nan. Me kike yi da waɗancan guragun?"

"Su nake so, Baba."

"To. Me yake haifa?"

"Ba ya 'ya'yan ci."

"Inuwa ke nan."

"Ba zai kai yin inuwa ba. A kasko zai zauna, a riƙa rage masa saiwa da rassa don kada ya girma."

Ya dube ni, ya dubi Baturiyar, ya sake dubana. "Ba 'ya'ya, ba inuwa, ba itacen girki. To me za a yi da shi?"

"Kallo."

"Kallo! Inna lillahi. Karatun da na biya ke nan?"

Matar ta tambaye ni me ya ce. Na ce ya yaba da lambunta. Duk da haka da muka zo biya sai da ya sa baki. Ya ce in taya, na ce a nan ba a tayi, kuɗin a rubuce yake. Ya ce babu inda ba a tayi a duniyar Allah. Ya ɗaga yatsu yana nuna mata, tana dariya tana girgiza kai, yana cewa "Haba Hajiya!" da Hausa tsantsa. Ƙarshe ta ɗauko wani ɗan tsiron da ya kusa mutuwa ta ɗora mana a kai. Baba ya ce ka ji mace mai mutunci, ta san gyara.

Washegari na jera dashena huɗu, uku da na zaɓa da na gyarar, a barandar katako ta bayan gidanmu, na buɗe littafi, na yi bisimilla, na datse kan na farko. Rabinsa ya faɗi ƙasa da ganyensa kore shar. Daga bayan gilashin ƙofa na ji Baba ya saki salati. Ranar Baba bai ci tuwona ba, shayi ya sha ya kwanta. Da na je yi masa sai da safe ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Wanda ya nufi sama ki ce sai ya zauna. Me ya yi miki?"

Bayan kwana kaɗan na dawo daga aiki na tarar da tukunya ɗaya ba ta nan. Na tambayi maigidana ya ce bai gani ba. Na tambayi Baba, ya ce ƙasar nan kurege ya yi yawa. Kurege da tukunya! Raina ya ɓaci sosai, don wanda ya ɓace shi ne mafi kyawun gindi. Ina cikin mita sai idona ya kai kan takalmansa a bakin ƙofa, sun yi dumu-dumu da jar laka. Na haɗiye sauran maganar.

Bayan gidajenmu akwai gangara mai ciyawa, a ƙasanta akwai ɗan kurmi da rafi. Da safe na yi sallama kamar na tafi, na zagaya na laɓe a bayan motar maƙwabta, ni da girmana da rigar aiki. Can sai ga shi ya fito, sanda a dama, butar alwala a hagu, yana gangarawa a hankali, yana tsayawa yana hutawa. A bakin kurmin ya dasa itacen, ya yi masa gurbi mai riƙe ruwa irin na mangwaro, har da ɗan shingen ƙirare don barewa, wadda yake kira akuyar Turawa. Ya tsiyaye butar, ya hawo, ya sake cikawa, ya koma. Na shiga mota na yi dariya har da hawaye, sannan na yi hamdala.

Daga nan na zama azzaluma da gangan. In muna cin abincin dare sai in ce wa maigidana da ƙarfi, "Gobe in Allah ya kai mu zan datse na kusa da ƙofa." Har almakashin nake ajiyewa a kan tebur inda zai gani. Kafin in dawo aiki kurege ya ɗauke. Da suka ƙare na koma wurin Baturiyar na ƙaro. Wannan karon ban tona gindin kowa ba, dogaye na zaɓa, irin waɗanda za su fi ba shi tausayi. Wuri mai rana a bakin kurmin kaɗan ne, don haka kowane sabon dashe sai ya fi na baya nisa. Maigidana ya ce in hukumar unguwa ta gano mun buɗe gona a filin jama'a, shi bai san mu ba.

Ni da Baba ba wanda ya taɓa ɗaga maganar. Yakan dube ni da tausayi irin na wanda ya haifi mara imani, ni kuma ina yi masa fuskar wadda aka yi wa sata. Mai gashin ƙashi ta ce gwiwar ta fara lanƙwasuwa, amma har yanzu yana jin tsoron sakin nauyinsa a kanta, kuma wannan tsoron ne ya rage. Bonsai ɗina kuwa guda ɗaya ya tsira a hannuna, wanda na fara datsewa. Ya yi toho ta gefe, mummuna da shi, amma ina son abina.

Wata Lahadi da kaka ta fara shigowa, saura kaɗan ya koma gida, ina wanke-wanke na ji ana ƙwala mini kira daga gangara.

"Uwata! Uwata, fito!"

Na leƙa ta taga. Baba ne yake hawowa da sauri, babbar riga a tattare a kafaɗa, hannuwansa biyu suna ta nuni baya. Ya taka matakalar baranda ɗaya bayan ɗaya bai ko dafa ƙarfe ba.

"Cuta ta shiga! Na bakin rafi ganyensa ya yi ja wur, na kusa da shi ma ya fara. Jiya-jiya lafiyarsu ƙalau!"

Shi bai taɓa ganin kakar ƙasar nan ba. Bai san haka mapul yake yi ba in sanyi ya ƙarato, ya yi ja kamar an zuba masa manja kafin ya zubar da ganye. Na buɗe baki zan gaya masa, sai na lura da wani abu. Hannuwansa biyu ba komai a ciki.

"Baba, ina sandarka?"

Ya dubi hannunsa na dama, ya waiga gangarar, ya yi tsaki. "Tana can. Ana maganar rai kina maganar sanda?" Sai ya ga hawaye a fuskata, muryarsa ta yi laushi. "Ashe dai kina da tausayi. To bar kuka, ba su mutu ba tukuna. Kuna da toka a gidan nan?"

Na ce babu, amma mu je in gani. Ya juya ya yi gaba. Na zura silifas na bi shi da kumfar sabulu a hannu, ina cewa ya jira ni, shi kuwa ko waiwaye bai yi ba.