Ranar da Hitiyawan Maamobi Suka Ƙi Faɗuwa

Ranakun aiki da yawa sun shige mini duhu, amma ranar da na haɗa yaƙin Masar a filin makarantarmu, ita kam ban taɓa mantawa da ita ba. Tunda ku sababbin malamai kun matsa sai kun ji daga bakina, to ku gyara zama.

Wajen ƙarshen shekarun saba'in ne. Makarantar midil ce, wato ta gaba da firamare, kusa da babban kwatan da ya raba unguwannin Nima da Maamobi, yaranmu rabi daga wannan tsallake, rabi daga wancan. Ni a lokacin malamin wucin gadi ne, wato wanda bai je kwalejin horon malamai ba. Irinmu shekara-shekara ake sabunta mana aiki, kuma sai sufeto ya zo ya ga aikinka da idonsa. In ya ce ka iya, ka zauna. In ya ce a'a, ka tattara allinka ka koma gida. Ga shi ban daɗe da aure ba, uwargida kuma tana da juna biyu.

Tarihi nake koyar da 'yan aji uku, zangon nan kuma muna kan Masar ta dā. Yaran Zango, wato unguwannin nan namu na baƙi Musulmi, ba sa son jerin sunayen sarakuna, amma ka ce musu yaƙi, har mai gyangyaɗi sai ya miƙe. Na ba su labarin Sarki Ramsis na biyu, yadda ya ja rundunarsa zuwa arewa don ya ƙwace garin Kadesh daga hannun Hitiyawa. 'Yan leƙen asiri suka yaudare shi cewa abokan gaba suna nesa, ashe suna laɓe a bayan gari. Kekunan yaƙin Hitiyawa suka auka masa ba shiri, da ƙyar ya sha. Da ya koma gida sai ya sa aka sassaƙa a bangon gidajen bauta cewa shi ya kora su cikin kogi.

Hedimastanmu, Masa Ofori, wato Master a bakinmu, mutumin Kumasi ne da ya tsufa a Zango, ya wuce ta taga ya ji ajin ya yi tsit. Da aka tashi ya kira ni ofis.

"Ticha Issaka, wannan yaƙi naka ya yi daɗi paa, sosai da sosai. Sufeto zai zo ranar rabon kyauta. Ka mai da shi wasa, yara su yi a gabanshi."

Na ce, "Masa, yaran sun yi yawa, ina zan tara su koyon wasa?"

"Abu mai sauƙi. 'Yan Nima su zama Masar, 'yan Maamobi su zama ɗayan. Kowa ya koya a unguwanshi."

Muka ga dabara ce mai kyau, ni da shi duka. Sulley, wani siririn yaro mai baki kamar rediyo, ya zama Ramsis. Awudu Dogo, golan 'yan ƙwallon Maamobi, ya zama sarkin Hitiyawa. Kekunan yaƙi kuwa, turoko muka aro a kasuwa, irin keken katako mai ƙafa huɗu da ake tura kaya da shi, muka manna masa kan doki na kwali. Takubba na katako, garkuwa murfin tukwanen iyaye mata, kogi kuma shuɗin zane aka shimfiɗa. Na tsara wasan yadda Ramsis ya faɗa: a ƙarshe Hitiyawa su gudu, su zube cikin kogi. A wajen gwaji su Awudu zubewa suke yi har da shure-shure, suna dariya, domin ba mai kallo.

Ranar ta zo, fili ya cika maƙil. Abin da ban lura da shi ba sai daga baya, iyayen Nima sun zauna dama, na Maamobi hagu, kamar ranar ƙwallo. A tsakiya ga hedimasta, ga dattawan unguwa, ga sufeto Mista Kwate, wani dattijo ɗan ƙabilar Ga wanda aka ce ba a taɓa ganin haƙorinsa ba. Ni ke riƙe da lasifika ina bayani.

Da farko komai ya tafi daidai. Turokon Hitiyawa suka fito daga bayan kantin makaranta a guje, Masarawa suka watse, ɓangaren hagu ya kaure da guɗa. Sulley ya hau kekensa, ya yi kirari, ya tara mutanensa, dama ta ɗauka. Sai na ce cikin lasifika, "Nan ne Hitiyawa suka juya da baya, suka faɗa kogi!"

Awudu ya juya zai gudu ke nan, sai wata murya ta tsaga filin. Mahaifiyarsa ce, ta miƙe tsaye ta ɗaure gyale a ƙugu.

"Awudu! Gaban 'yan Nima za ka faɗi? Wallahi in ka faɗi, yau ba tuwo!"

Yaro ya tsaya cak. Ya dube ni, ya dubi uwarsa. Kun san wanda ya fi ƙarfi tsakanin ticha da tuwo.

Na sake cewa, "Suka faɗa kogi!" Ko gezau. Sulley ya matso yana raɗa, amma duk fili na ji: "Cale, abokina, faɗi mana, haka Ticha ya ce." Awudu ya ce, "Mamana ya ce kar in faɗi. Kai ka faɗi." Sai ji kake ƙwal, murfin tukunya ya haɗu da takobi. Kafin in sauke lasifika, runduna biyu sun cakuɗe da gaske, kan doki ɗaya ya tashi sama, iyaye sun fara miƙewa daga benci. Na saci kallon sufeto, na ga ya cire tabarau yana gogewa. Na ce a raina shi ke nan, aiki ya tafi.

Kun san Zango, ba a faɗa a gaban dattijo ya zauna yana kallo. Baba Alhaji Musa, mai sayar da goro, wanda rabin rigingimun unguwa a shagonsa ake kashe su, ya tashi da sandarsa ya shiga tsakiyar fagen fama, ya taka kogin da takalminsa. Ya kama kunnen Ramsis da hannun dama, na sarkin Hitiyawa da hagu, ya zaunar da su a kan turoko ɗaya.

"Kai, me ya haɗa ku?"

Sulley ya ce, "Baba, garin Kadesh ne. Nawa ne."

Awudu ya ce, "Ƙarya ne, Baba, mu muke ciki."

A nan Allah ya buɗe mini kai. Na tuna ƙarshen labarin da na tsallake don ba shi da armashi. Na ɗaga lasifika na ce, "Jama'a, gaskiyar tarihi, ba wanda ya kayar da wani a Kadesh. Ramsis ya koma gida ya ce ya ci, Hitiyawa suka ce su suka ci, gari kuma ya zauna a hannunsu. Bayan shekaru, da suka gaji, Masar da Hitiyawa suka yi sulhu, aka rubuta, suka zama aminai. Ga shi kuna gani!"

Baba Alhaji bai ma san ya shiga wasa ba. Ya ciro goro a aljihu ya ɓare, ya ba kowane sarki ɓari, ya sa suka yi musafaha, ya ce a yi fatiha. Fili duka aka shafa, dama da hagu, sannan tafi ya ɓarke.

Da aka watse aka kira ni ofis. Na tarar hedimasta yana ta zuba wa sufeto: "Sa, duk mun shirya shi haka. Har tsohon, mun koya mishi." Mista Kwate ya juyo gare ni.

"Ticha, haka ne?"

Na ce, "Sa, ba haka ba ne. Wasan ya ƙwace mini."

Ya dube ni. Sai na ga haƙoran da aka ce babu. Ya nuna hedimasta da tabarau ya ce, "Ashe Ramsis biyu ne a makarantar nan." Masa Ofori ya yi tari, ya shiga gyara takardun da ba su karkace ba. Sufeto ya ce mini, "Na zaga makarantu da yawa, yara suna haddace Masar suna mantawa. Yau na ga uwa ta hana tuwo a kan Kadesh. Za ka zauna, kuma zan sa sunanka cikin masu tafiya kwaleji."

Na fito cike da murna, ban tsaya ko'ina ba sai gida.

Abin da na koya a ranar, yaro ba shi kaɗai yake zuwa aji ba. Da uwarsa yake zuwa, da unguwarsa, da tsallaken kwatan da ya fito. In za ka raba aji biyu, ka san da me ka raba shi. In kuma za ka koyar da yaƙi, kada ka tsaya inda mai kirari ya tsaya, ka kai yara har wurin sulhu. Sulley da Awudu yanzu duk sun yi jikoki, tare suke zuwa gaishe ni da Sallah, kuma har gobe in na tambaye su wa ya ci, tare suke amsawa, kowa ya ce shi ne.