Ɗakunan Hamidu Da Gero Ya Tare A Ciki

Hamidu taubashina ne, ɗan kawuna Yahuza na Gangara, don haka bakina a sake yake a kansa. Da ya ƙare lakol, makarantar boko, ya wuce Yamai, ya share shekara shida yana koyon zanen gine-gine. Mu kuwa muka zauna jiran bene.

Mutumin nan ya dawo da takardarsa, ya tuɓe takalmi, ya faɗa kwaɓa laka. Wallahi da idona na gani. Wai ɗaki zai yi da tubalin ƙasa tun daga tushe har sama, ba azara, ba kwano, rufin ya lanƙwaso kamar an kife ƙwarya. Wai itace ya ƙare a daji, kwano kuma gasa talaka yake yi. Na ce, "Taubashi, da ka gaya mani laka za ka karanta, ai da na koya maka a bakin tabki."

Shekarar da ruwa ya rushe wata unguwar Buzaye manoma a gefen Agiye, wata ƙungiya ta ba shi aikin ɗaki goma sha biyu. Sharaɗin ɗaya ne: in mutane suka shiga suka zauna, a ƙara masa arba'in, in ba su shiga ba, a rufe aikin, saura a yi masu na kwano. Ya gina cikin rani guda, da hannun masu gidajen, ya miƙa mabuɗai kafin ruwan farko.

Bayan kaka, ana jibi wakilin ƙungiya zai zo dubawa, Hamidu ya ɗauke ni bisa babur mu riga shi. Muka tura ƙofar farko. Innalillahi! Damman gero ne tun daga ƙasa har rufi. Ta biyu gero. Ta uku wake da gujiya. Duk goma sha biyun nan babu ko tabarma ɗaya. Masu ɗakunan kuwa suna nan cikin bukkokin kara da leda, yadda ya tarad da su bara.

Ban taɓa ganin bakin Hamidu ya ƙi rufuwa ba sai ranar. Ya je ya tsuguna gaban Maryama, tsohuwar da aka fara ba mabuɗi.

"Inna, tsoro kuke ji? Kuna ganin zai faɗo?"

"Ya faɗo? Ɗana, da zai faɗo, gerona zan sa a ciki?"

"To, zafi ne?"

"Sanyi kamar randa. Ba gara, ba ɓera, wuta ba ta cin sa. Ruwan nan bai kashe kowa ba, rumbunanmu ya kwashe, muka wuni kan ganyen tafasa har ta fita ranmu. Ni ko'ina sai in kwana, shekara saba'in ina yi. Gero bai iya ba."

Na ja shi gefe. Na ce, "Kwana biyu gare mu. Amalanke huɗu sun isa. A fid da geron, a shimfiɗa tabarmi, a rataya gidan sauro. Baƙo ya ɗauki hoto ya kama hanya, gero ya koma ɗakinsa. Innar ma sai ta yarda."

"Ko dami ɗaya ba za a ɗaga ba."

"Kai, mahaukaci, ɗaki arba'in fa!"

"Wata biyu na yi ina auna filin nan, ban tambayi kowa me ruwa ya ci masa ba. Bari ya zo ya ga abin da na gani."

Wakilin ya zo, Malam Surajo, mutumin kirki. Ya leƙa ɗakin farko, ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Hamidu ya yi masa bayani har muryarsa ta dushe. Malam Surajo ya ce ya gane sarai, shi ma ɗan manomi ne, amma takardar da buro, ofishin ƙungiyar, ya ba shi mutanen da ke kwana take tambaya. Ina tsaye bayansa ya rubuta sifiri sau goma sha biyu. Kafin a ga sabon wata aka rufe aikin.

Na yi mako ban yi wa Hamidu magana ba, abin da ban taɓa iyawa da kowa ba.

Yanzu yana Gangara, ba buro, ba mota, sai igiyar awo da magina biyar da ya koyar. Ranar kasuwa har daga Cadakori ake zuwa nemansa. Kowa ya zo, kafin a gama gaisuwa zai jefa masa tambaya: "Me za ka sa a ciki?" Yawanci ƙaramin na hatsi yake fara yi, na kwana sai rani mai zuwa. Maryama ta shiga nata a shekara ta uku, bayan ya gina wa geronta nasa.

Gidaje arba'in ɗin nan kuwa an yi masu na kwano. Suna bakin hanyar Agiye, suna walƙiya. In muka zo wucewa da tsakar rana, ga mutane duk sun fito sun raɓe gindin bango, Hamidu ba ya cewa komai. Ni ma nan ne kaɗai nake kama bakina.