Sammacin Ƙetaren Gada

Kawuna masinjan kotu ne tun kafin a haife ni. Aikinsa kai sammaci, kuma a garinmu na bakin iyaka babu lungun da babur ɗinsa bai shiga ba. An sakar masa kare, an watsa masa ruwan wanki, wani mahauci ya taɓa bin sa da wuƙa. Bai ɗauki ko ɗaya a bakin komai ba. Yakan ce duk wanda ya karɓi sammaci yana murmushi, to bai iya karatu ba ne.

Abin da ya tsaya masa a maƙogwaro har tsufansa shi ne shari'ar wata ungozoma. Mijinta ya sake ta, sannan ya je makaranta ya ɗauke 'yarsu ba da saninta ba, ya tsallaka gada da ita zuwa ƙasar da ke ƙetaren kogi. Can ya buɗe shagon faci a bakin titi. In ka tsaya a barandar kotu kana hango tarin tayoyinsa. Ta taɓa bin sa, ya sa 'yan sandan can suka rako ta har tsakiyar gada kamar ɓarauniya.

Ta shigar da ƙara, alƙali ya sa hannu a sammaci. Kawu ya miƙa hannu zai karɓa, sai rajistara ya janye takardar.

"Wannan ba naka ba ne, wata ƙasa ce. Za mu tura wa ma'aikatar shari'a, su miƙa wa ta harkokin waje, su aika wa jakadanmu na can, shi ya ba hukumominsu, kotunsu ta ba nata masinjan."

"Ranka ya daɗe, ga mutumin can yana hura taya."

"Ni ma ina da ido. Ajiye makullin babur ɗinka."

Takarda ta tafi babban birni, ta dawo, wai ba a fassara ta da harshen can ba. Aka fassara, ta koma, ta sake dawowa, wai hatimin bai fito sosai ba. Ita kuwa ungozoma duk ranar da ta tashi aiki sai ta biyo ta zauna a bencin ƙofar ofis, ƙamshin maganin asibiti na tashi a kayanta. Ba ta kuka. Sai dai ta ce, "Baba, da labari?"

Ran nan ta ce masa ta hango yarinyar da bokiti a ka, har ta yi tsawo. Kawu ya miƙe. Ya zari kwafin sammacin daga fayil, ya taka da ƙafa ya haye gada, ya danƙa wa mai facin a gaban masu jiran taya.

Ba a yi sati ba lauyan mutumin ya bayyana a kotunmu. Ya ce masinjan wata ƙasa ba shi da hurumin kai takarda a tasu. Alƙali ya soke sammacin, aka dakatar da Kawu, aka fara komai daga tushe. Lokacin da sammacin gaskiya ya gama zagayensa ya isa, masinjan can ya tarar da mai sayar da katifa a shagon. Amsarsa ma sai da ta bi ta hannun jakada kafin ta zo: ba a same shi ba.

Mahaifiyata ta ce masa, "Yaya, kai ka farkar da shi. Da ka yi haƙuri."

Kawu ya bugi tebur har kofi ya faɗi. "Haƙurin me? Yarinya tana girma, su suna duba hatimi. Akwai wanda ya taɓa zama kan bencin nan a cikinsu? Takardar da ta fi ni yawo, ta kasa tsallaka gada."

Ungozomar ta daina gaishe shi. Wannan ya fi dakatarwar cin ransa. Da aka mayar da shi aiki bai daɗe ba ya ajiye, ya kama sayar da kayan gyaran babur. Har yau in direban babbar mota ya tsaya a shagonsa, sai ya tambaye shi ko ya ga wani mai faci mai tabo a haɓa, da 'yar budurwa tare da shi.