Ƙwaƙwalwar Ragon da Muka Kai Kano

Mai'aduwa

Ana idar da sallar asuba muka fito, ni da Baba, kowa a bayan babur ɗin haya. Baba mahauci ne, amma tun bara hannunsa ke karkarwa, wuƙa ta gagare shi. Ya tsaya kai da fata abokin fawarsa Sale ne ya yi masa sammu, har gaisuwa sun daina. Ƙanwata Rabi, mai nazarin ƙwaƙwalwa a wata jami'a a Kano, ta ce mu zo ta nuna masa wani abu. Baba kuwa ba ya zuwa hannu rabbana. Ya sa na zuba ƙwaƙwalwar rago a kular ƙanƙara, wai ta samu abin aiki.

Daura zuwa Kazaure

A tashar Daura muka karya da kunu da ƙosai. Ni na riƙe masa kofi, abin da ya fi komai ƙona mini rai. A shingen bayan Kazaure ɗan sanda ya buɗe kular.

"Baba, wannan fa?"

"Ta 'yata ce, malamar ƙwaƙwalwa."

"Allah ya ƙara basira," in ji shi, ya rufe da sauri.

Kano

Da Rabi ta buɗe kular, ta yi dariya har da hawaye. "Baba, wannan sai dai miya. Da mai rai muke aiki."

Ta shigar da mu wani ɗaki mai duhu. A ƙarƙashin madubin likita akwai yankin ƙwaƙwalwar ɓera, siriri kamar ɓawon albasa, cikin wani ruwa da ke riƙe shi da rai. Ta taɓa shi da ɗan lantarki, sai koren haske ya ƙyalla a allo. Ta ce sinadarin da jijiyoyi ke aika wa juna ke nan, an sa masa alama don a gan shi. Da ta sa yankin wani ɓera mai karkarwa, da ƙyar muka ga hasken.

Baba ya daɗe yana kallo. "To, shi wa ya yi masa sammu?"

"Babu sammu, Baba. Abin nan ne ya ƙaranta. Gobe likita zai duba naka."

Gidanta muka kwana. Washegari likita ya ba da magani, ya ce yana rage ciwon, ba ya warkarwa.

Gida

Da la'asar muka sauka. Baba ya ce mai babur ya wuce ƙofarmu, sai zauren Sale. Ya yi sallama, ya miƙa hannun nan mai rawa. Sale ya kama shi da hannu biyu, ya ƙi saki.

Na gode wa Allah da ya kai mu, ya dawo da mu lafiya.